Shataletalen Garin Brekke

Mijina Arvid bai taɓa riga kowa wucewa a mararraba ba. Ba yabonsa nake yi ba. Shekara hamsin da ɗoriya ina zaune a kujerar gefensa, ni da ban iya tuƙi ba, kuma da za a haɗa lokacin da na ɓata a mararrabar tsakiyar garinmu Brekke ina kallonsa yana yi wa mutane hannu su wuce, da ya ishe ni in sake haihuwa in yaye.

Mararrabar nan hanya huɗu ce, kowacce da jan allonta na tsayawa. Abin da littafin tuƙi ya ce ba shi da wuya: kowa ya tsaya, wanda ya fara isowa shi zai fara wucewa, in kuma kun iso tare sai a bar wa na dama. Mu a Brekke mun san da wannan, muna ma ganin girman littafin, sai dai ba da shi muke aiki ba. A wurinmu in ka tsaya, sai ka ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari ka gaida mutum, sannan ka yi masa hannu ya wuce. Shi kuma ya girgiza kai ya mayar maka da hannun. Sai ka sake. Wanda ya fara gajiya shi ne ya sha kaye, ya wuce yana sunkuyar da kai. Ranar Lahadi kuma, bayan an tashi daga coci ana shan gahawa, sai ka ji wata ta ce wane dai yana da sauri kwanan nan. A garinmu babu zagin da ya kai wannan.

Arvid bai taɓa shan kaye ba. Mutum ɗaya ne ya iya ja da shi, wato Elwood Rask, dattijon coci, wanda gonarsa take yamma da gari. Tare suka yi firamare, tare suke kamun kifi, shi ne ma babban abokin ango ranar aurenmu. Amma in suka haɗu a mararraba babu abota. Wani hunturu sun yi ta yi wa juna hannu har gilashin motocinsu ya yi hazo, kowa ya goge da hannun riga ya ci gaba. Daga baya Elwood ya kashe injin. Arvid ma ya kashe. Da sanyi ya ishe su sai kowa ya sa ribas ya koma gida ta wata hanya. Madarar da na sayo ta daskare a bayan mota. Su biyun ba su taɓa ɗaga wannan magana a tsakaninsu ba, amma duk garin ya san gasa ce, kuma ya san ba a yi nasara ba tukuna.

Akwai wani abin kuma. Arvid ya daɗe yana tuƙa bas ɗin makaranta kafin ya yi ritaya, kuma doka ta ce bas ɗin yara sai ya tsaya a duk inda titi ya ƙetare layin dogo, direba ya buɗe ƙofa ya saurara. Tsakanin gonarmu da gari akwai irin wannan wuri. Jirgi ya daina bin layin tun 'yarmu Renee tana sakandare, ciyawa ta rufe ƙarafan, har wata bishiya ta fito a tsakiya. Duk da haka in muka iso a a-kori-kurarmu sai Arvid ya taka birki, ya buɗe ƙofarsa, ya karkata kai. Na yi magana har na gaji. Yanzu dai ina tafiya da bargo.

To ana nan sai gwamnatin jiha ta gano cewa lokacin kaka manyan motocin alkama suna yin layi a mararrabarmu har bayan gari, saboda direbobin baƙi ne, ba su san abin da ake jira ba. Aka zo aka tumɓuke jajayen allunan huɗu, aka tara ƙasa a tsakiya, aka shuka furanni, aka ce mana mun samu shataletale. Aka tara mu a zauren makaranta, wani saurayi ya zo da hotuna ya yi bayani. Ya ce a bakin shiga ka duba hagu, in babu mota ka shiga ba sai ka tsaya ba, in akwai ka bar ta ta wuce. In kuma ka shiga, to kai ke da hanya, kada ka kuskura ka tsaya wa kowa. Elwood ya ɗaga hannu ya tambaya, to a ina ake gaisawa. Saurayin ya yi dariya. Da ya ga shi kaɗai yake yi sai ya naɗe hotunansa.

Ba a yi wata guda da buɗewa ba muka samu namu rabon. Mun fito daga kudu za mu coci da tiren dankali da nama da na gasa, yana kan cinyata. Arvid ya shiga shataletalen lafiya, har na fara yi masa kallon mutum. Sai ga Loretta Haugen a bakin shiga na gabas, tana jira. Loretta mijinta ya rasu, ga ta ƙarama, da kyar kanta yake leƙowa ta saman sitiyari. Arvid ya taka birki a tsakiyar kwana, ya ɗaga yatsu biyu, ya yi mata hannu. Ita kuma da yake an yi mata tarbiyya sai ta girgiza kai ta mayar masa. Yana shirin sakewa wata babbar motar alkama ta same mu ta baya.

Ba wanda ya ji ciwo. Bamba ta lotsa, dankalina ya koma cikin takalmana. Direban ya sauko yana faɗin kalmomin da ban taɓa ji a Brekke ba, Arvid kuwa yana ba shi haƙuri, Loretta tana ba Arvid haƙuri. Ɗan sandan da ya zo yana cikin yaran da Arvid ya riƙa kaiwa makaranta suna zubar da majina, shi ma ya ba kowa haƙuri, sannan ya rubuta abin da ya gani. Bayan 'yan makonni aka aiko daga ofishin lasisi cewa saboda shekarunsa da yadda abin ya faru, sai Arvid ya sake gwajin tuƙi. In ya faɗi za a karɓe lasisin.

Renee ta bugo waya daga birni a ranar. Yarinyar kirki ce, ba ta da mugun nufi, shi ya sa ma maganarta ta fi zafi. Ta ce kada mu damu ko kaɗan, in Baba bai ci ba sai a sayar da gidan gona mu dawo wurinta, ta riga ta yi magana da mijinta, za su gyara mana ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na san ɗakin. Taga ɗaya gare shi can sama kusa da rufi, in ka ɗaga kai tayoyin motar maƙwabta kake gani. Kuma gaskiyarta ne, domin daga gonarmu zuwa inda ake sayar da burodi ba tafiyar ƙafa ba ce, babu bas, ni kuma idona ya riga ya yi rauni, na wuce koyon tuƙi. In lasisin nan ya tafi, gidan ya tafi. Na ajiye waya na zauna, tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun da aka yi wa Arvid aikin zuciya. Da tsoron ya lafa sai haushi ya maye gurbinsa, wanda dama na fi iya aiki da shi.

Washegari na sa Arvid ya gangaro da ƙaton dunƙulen harawa tsakiyar fili. Na ce wannan shi ne furannin gwamnati. Shi zai riƙa zagayawa da mota, ni kuma in tsaya a gefe da baro, ni ce Loretta. Aikinsa ɗaya ne, ya wuce ni.

Ya zagayo, ya iso daidai ni, ya tsaya.

"Arvid, me ya tsayar da kai?"

"Na ga kina jira."

"Ai jiran shi ne aikina. Ni ce a waje, kai ne a ciki."

"Na ga baron kamar da nauyi."

"Babu komai a cikinsa, tsoho. Koma."

Ya koma, ya zagayo, ya tsaya. Wannan karon ya ce ya ɗauka na canza shawara. Na yi masa bayani da lallashi, na yi da faɗa, na zana masa a ƙasa da sanda. Ya gane komai, domin mutumin nan ba daƙiƙi ba ne, in ka tambaye shi dokar zai karanto maka ita tsaf. Sai ya ga mutum a tsaye ne take zubewa. Na yi tunanin fuska ce matsalar, saboda haka na kifa bokiti a kaina don ya daina ganin matarsa ya ga mota. Ina cikin bokiti na ji injin ya matso, ya yi shiru, ƙofa ta buɗe. Ya ƙwanƙwasa bokitin da yatsa ya tambaya ko ina samun iska.

Ana cikin wannan Elwood ya iso. Ya jingina da shinge, ya tura hula baya, ya kalle mu na wani lokaci. Ya ce shi dai ya zo aron sarƙa ne, amma ba ya sauri. Ya tambayi Arvid ko bokitin yana cikin sabuwar dokar, ko kuwa sai masu aure. Arvid ya ce masa wanda bai taɓa shiga shataletalen ba, kullum sai ya bi ta bayan ma'ajiyar alkama, bai kamata ya yi baki ba. Elwood ya ce yana son ganin ma'ajiyar ne.

Na ja Elwood gefe na faɗa masa gaskiya. Na ce ranar Talata da safe za a yi gwajin, kuma na riga na kira matan coci, an yi magana kowa zai ajiye motarsa har a gama, don kada Arvid ya ga wanda zai tsaya wa. Na ce shi kuma musamman, in na ga hancin motarsa a gari ranar nan, to ya nemi wani gidan da zai riƙa cin kek ɗin tuffa. Ya daɗe yana kallon Arvid, wanda a lokacin ya tsayar da mota yana jiran kaza ta gama tsallakawa.

"Ko da titi babu kowa, Verna, wannan zai samo wanda zai tsaya wa," in ji Elwood.

Na ce wannan ba ruwansa. Ya ce titin dai na gwamnati ne, sannan ya tambaya ko akwai gahawa. Ya tafi bai ɗauki sarƙar ba.

Muka ci gaba da zagaya harawa har tayoyi suka yi rami a fili. Wani lokaci ya wuce ni, amma yana wucewa sai ya leƙo ta taga ya ce in yi haƙuri. Yawanci dai tsayawa yake yi. Ana gobe gwaji, bayan mun ci abincin yamma, na same shi ya tsaya yana shafa teburin cin abinci, wanda mahaifinsa ya ƙera da hannunsa, yana gwada faɗinsa da taƙi. Na tambaye shi me yake yi. Ya ce yana duba ko zai bi ta matakalar ɗakin Renee.

"Verna, ba taurin kai nake yi miki ba," ya ce. "In na ga mutum yana jira, ƙafata ce take zuwa birki. Kafin in tuna dokar ta riga ta je."

Na so in yi masa faɗa, amma wannan halin ne dai ya sa na aure shi, ga shi kuma zai raba ni da gidana. Na ce ya bar teburin nan ya je ya goge madubin mota. Ni kuma na shiga kicin na wanke kwanonin da na riga na wanke.

Talata ta zo da sanyi. Ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita. A layin dogo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya saurara. Mai gwajin wata yarinya ce daga babban gari, wadda take zuwa Brekke sau ɗaya a wata, ga takarda a hannu, ga fuska babu yabo babu fallasa. Ta gaishe shi da Mista Tollefson, ta duba fitilu da bambar da aka gyara, ta ce ni ba zan shiga ba. Na ce dama ban yi niyya ba. Arvid ya zagaya ya buɗe mata ƙofa, ta ce ba sai ya yi ba, ya ce ai ya riga ya yi.

Na taka zuwa shagon gahawa na Bev, wanda tagarsa take kallon shataletalen. Na ɗauka zan same shi wayam, tunda an ce kowa ya zauna gida. Ashe motocin kawai aka ajiye. Rabin garin yana ciki, har da fasto da matarsa, duk an juya kujeru suna fuskantar taga. Kowa ya ce gahawa ya zo sha. Aka matsa mini na zauna a gaba, Bev ta ajiye mini kofi ba ta tambaye ni ba.

Titi kuwa fes, ko kare babu. Muka hango motarmu ta bi ta gaban gidan waya a hankali, ta yi ribas ta faka a gefen banki, ta sake fita, ta ɓace ta bayan makaranta. Wani ya ce fakin ɗin ya yi kyau. Aka ci gaba da kurɓar gahawa. Can sai ga ta ta ɓullo daga kudu, ta nufo shataletalen. Na duba gabas, na duba arewa, babu kowa, har na fara sakin numfashi.

Sai Bev ta ce, "Wancan ba Loretta ba ce?"

Ita ce. An faɗa mata ta zauna gida, ta kuma amsa. Amma tun ranar haɗarin take ganin laifinta ne, don haka ta tashi da asuba ta yi wa Arvid kek na ban haƙuri, tana so ta ba shi kafin ya shiga gwaji, kek ɗin kuma ya ƙi nuna da wuri. Ga ta nan ta lallaɓo ta tsaya a bakin shiga na gabas, daidai inda ta tsaya wancan karon, ta kama sitiyari da hannu biyu tana jiran duniya ta gama wucewa. Arvid arewa aka ce ya fita, dole ta gabanta zai bi. A raina na fara raba kayan gida, wanda za a sayar da wanda za a bayar.

Ban gama ba sai ga wata mota ruwan ƙasa ta fito daga gefen ma'ajiyar alkama ta yamma. Daga baya aka ce tun safe take fake a wurin, injin a kunne. Ba wanda ke buƙatar a faɗa masa motar waye. Na ce a fili, a gaban fasto, in na kama Elwood Rask sai na yi masa abin da uwarsa ta manta ba ta yi masa ba. Fasto ya ƙura wa kofinsa ido.

Tare suka iso, Arvid a bakin kudu, Elwood a bakin yamma, wato hagunsa. Cikin shataletalen babu kowa. Arvid ya tsaya cak. Ta gilashi na ga yatsunsa biyu sun tashi daga sitiyari, na ga hannun ya fara lilo. Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai kan takardarta. Duk wanda ke shagon ya san abin da zai biyo baya, domin mun sha gani: za a girgiza kai, a mayar da hannu, a kashe inji, yarinyar nan ta tsufa a cikin motarmu.

Elwood bai ɗaga ko yatsa ɗaya ba. Bai ma kalli inda Arvid yake ba. Ya miƙe wuya, ya ƙura wa gabansa ido, ya taka totur ya shiga, ya zagayo ya wuce ta gaban hancin motarmu har tayarsa ta yi ƙara.

Shagon ya yi tsit. Cokalin wani ya faɗi ƙasa ba a ɗauka ba. Matar fasto ce ta fara samun bakinta, ta ce a hankali, "Elwood dai yana da sauri."

Hannun Arvid ya tsaya a sama kamar wanda aka ce ya rantse. Sannan ya sauke shi. Motarmu ta zabura ta shiga bayan ta Elwood, ta manne mata. Na san wannan zaman da ya yi, ƙirji a kan sitiyari, haɓa a gaba, irin wanda yake yi in barewa ta shiga masa lambu. Idonsa yana kan ƙeyar Elwood. Haka suka zo gaban Loretta, wadda ta saki sitiyari ta ɗaga kek ɗinta da hannu biyu tana nuna masa ta gilashi. Ko ganinta bai yi ba. Ya wuce ta, ya kunna sigina, ya fita arewa sumul. Ita kuwa motar Elwood ta ƙarasa zagayen ta fita yamma, ta inda ta fito.

Loretta ta ƙara jira kaɗan, ko da wani zai zo.

Da suka dawo yarinyar ta ce ya ci. Ta ce ya ɗan yi jinkiri a bakin shiga, amma ya yi daidai da ya bar wa motar hagu hanya, kuma da ya shiga bai yi wata-wata ba. Ta ƙara da cewa wancan dattijon mai mota ruwan ƙasa shi ne mutum na farko da ta gani a garin nan da ya iya shataletale. Kunnuwan Arvid suka yi ja. Ya yi mata godiya, ya buɗe mata ƙofar motarta. Ni kuma na ari wayar Bev na kira Renee na ce ta bar ɗakin nan yadda yake, ta ci gaba da ajiye kekunan hawan 'ya'yanta a ciki. Ta ce ta ji daɗi ƙwarai, kuma na yarda ta ji.

Muna zaune ana yanka kek ɗin Loretta sai Elwood ya shigo. Hira ta mutu. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna tashi su ba shi kujera, kowa ya samu abin dubawa a cikin farantinsa. Dattijon coci guda, a gaban fasto, a gaban baƙuwa, har da ƙarar taya. Shi ma ya san abin da za a riƙa faɗa a kansa ranar Lahadi, da Lahadin da ke bayanta, ya san kuma a Brekke ba a mantuwa. Ya cire hula ya zauna a ƙarshen kanta, nesa da mu. Bev ta zuba masa gahawa. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya ce wa bango, "Saniya ce za ta haihu."

Arvid ya daɗe yana juya cokali a kofinsa.

"Allah ya sauke ta lafiya," ya ce.

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Na yanka kek babba na sa a faranti na tura wa Elwood ta kan kanta, bai ɗago ba, amma ya ci.

Arvid ya tayar da mota muka kama hanyar gida. Ya bi shataletalen daidai, da yake babu kowa. Na so in ji bakinsa, sai na ce to, ga lasisi ga nasara, yau dai Elwood Rask ya riga shi wucewa a gaban shaidu, sai ya saki rai ya ji daɗi. Ya ce haka ne. Muka wuce gonakin da aka gama girbe, muka wuce tsohuwar makarantar da ya riƙa kai yara, muka iso layin dogo. Ya taka birki, ya buɗe ƙofa, ya karkata kai. Iska tana kaɗa busasshiyar ciyawar da ta rufe ƙarafan. Na ja bargona ina jira ya rufe kamar kullum, bai rufe ba.

"Verna," ya ce, bai juyo ba, "Elwood ya sayar da shanunsa tun bara."

Na ce na sani.

"Daga yamma ya fito. Yamma ya koma."

Na ce na gani.

Ya zaro hankici ya fyace hanci, ya goge fuska, ya ce sanyin nan yana sa masa ruwan ido. Na ce to ya rufe ƙofar mana mu tafi gida, akwai harawa da za a kwashe daga tsakiyar fili. Ya ce in ɗan dakata, bai gama saurare ba. Na duba madubi, babu kowa a bayanmu, sai na ƙyale shi.